Tartsatsin Wuta Ba Zai Ɗauki Bikin Agadas Ba: Martani Ga Mai Kiran Matasa Su Ƙera Lasifikar Filasma

Maƙalar da wani marubuci ya fitar kwanakin baya, wadda ya yi kira a cikinta ga matasan Agadas su rungumi ƙera lasifikar filasma a matsayin sana'a, ta shiga ran samari masu son wasa da waya da batir. Ya ce kayan haɗin suna nan zube a shagunan masu gyaran telebijin, ba sai an kashe wani kuɗi ba. Ya ce sautinta ya fi na kowace lasifika tsabta, tun da ba ta da takarda, ba ta da maganaɗisu, wuta ce tsagwaronta take magana. Ya kuma ce garin da makaɗan jitarsa suka zagaye duniya bai kamata ya zauna yana jiran lasifikar da ake lodowa daga Kano ko Libiya ba. Wannan magana ta ƙarshe akwai kishi na gaskiya a cikinta, kuma duk ɗan Abzin zai ji ta har zuci. Sai dai shawarar da ya ɗora a kan kishin ba za ta ciyar da kowa ba, kuma tana iya raba wani yaro da ransa.

Abin da ake magana a kai ba shi da wuyar fahimta. Lasifikar da kowa ya sani tana da naɗin waya a cikin maganaɗisu, naɗin yana tura faifan takarda gaba da baya, faifan yana tura iska, kunne ya ji sauti. Tsarin nan ya zauna da gindinsa tun 1925, lokacin da Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric suka bayyana shi a Amurka. Ita kuwa lasifikar filasma, kan waya biyu ake kusantawa da juna, a ɗora musu wuta mai ƙarfin volt dubbai har ta keta iskar da ke tsakaninsu. Busasshiyar iska tana buƙatar kusan volt 3,000 kafin wuta ta tsallake tazarar milimita ɗaya. Da zarar ta tsallake, iskar wurin ta zama filasma, wani siririn zare mai launin shuni yana ci. Idan aka sa ƙarfin wutar ya riƙa hawa da sauka daidai da kiɗan da aka jona, zafin zaren ma sai ya riƙa hawa da sauka, iskar da ke kewaye ta riƙa buɗewa da tsukewa, sai a ji waƙa tana fitowa daga cikin tartsatsi. Haka tsawa take samuwa: walƙiya tana ƙona iska nan take zuwa zafin da ya kai kusan digiri 30,000, iskar ta faɗaɗa da ƙarfi, ƙasa ta amsa.

Duk wanda ya ga abin a karo na farko sai ya riƙe baki. A nan marubucin bai yi ƙari ba.

Inda ya yi tuya ya manta da albasa shi ne tarihi. Ya gabatar da abin kamar sabuwar ƙofa ce da Turawa ba su farga da ita ba, alhali ta girmi lasifikar takardar kanta. A 1898 wani masani Bajamushe, Hermann Simon, ya lura cewa fitilar tartsatsi tana iya maimaita sauti. A Landan, inda irin waɗannan fitilu suke haska tituna suna damun jama'a da ƙugi, William Duddell ya binciki dalilin ƙugin, ya gano yadda zai sarrafa muryarsa, har a 1900 ya kaɗa waƙa da tartsatsi a gaban taron injiniyoyi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Siegfried Klein a Faransa ya ƙera tasa mai suna Ionophone. Kamfanin DuKane na Amurka ya sayar da irinta da sunan Ionovac, kamfanin Fane na Ingila ya fitar da Ionofane, daga baya Magnat na Jamus ya shigo da tasa. Waɗannan duka kamfanoni ne masu jari da injiniyoyi da ɗakunan gwaji. Shekara fiye da 120 ke nan ana bugawa, amma har yau babu filin wasa ɗaya, ko masallaci, ko gidan biki a duniya da ya dogara da tartsatsi wajen isar da murya ga taro. Kamata ya yi marubucin ya tambayi dalili kafin ya tura ƴaƴan mutane.

Dalilin yana cikin girman abin. Sauti mai kauri, irin na ganga da jitar bas, yana buƙatar a motsa iska mai yawa. Muryar da ke kaɗawa sau 50 a sakan guda tsawon zangonta ya kusa mita bakwai, wadda kuwa ke kaɗawa sau 10,000 zangonta bai kai santimita huɗu ba. Zaren tartsatsin da saurayi zai samu a kan teburinsa santimita ɗaya ne zuwa biyu, siririn gaske. Zai iya fitar da siraran muryoyi na can sama, amma ba shi da jikin da zai tura iskar da kauri ke nema. Shi ya sa kamfanonin Jamus da ke sayar da irinta a yau, wato Acapella da Lansche, suke ba ta aikin muryoyin sama kaɗai, daga kaɗawa dubbai zuwa sama, sauran aikin kuma su bar wa lasifikar takarda da ke cikin akwati ɗaya da ita. Wanda ya fi kowa matsawa ƙasa shi ne Dakta Alan Hill na Amurka, da lasifikarsa Plasmatronics ta 1978, wadda filasmarta ta sauko har wajen kaɗawa 700. Don ya kai nan sai da ya girka tukunyar iskar heliyom a bayan kowane akwati, mai lasifika ya riƙa zuwa cika ta idan ta ƙare. Duk da haka kaurin sautin daga faifan takarda yake fitowa.

To, a ɗauko wannan a aza a kan kiɗan Agadas. Tsirkiyar jita mafi kauri tana kaɗawa sau 82 a sakan, ta jitar bas kuma sau 41. Ko da makaɗi ya gangara da yatsunsa har ƙarshen wuyan jita a kan tsirkiya mafi siranta, da ƙyar zai wuce 1,300. Ma'ana, gangar jikin duk abin da Bombino ko Etran de L'Aïr ko Mdou Moctar suke kaɗawa tana ƙasa da inda lasifikar filasma mai tsada take fara aiki. Abin da zai rage mata shi ne ƙyalƙyalin sama, wanda yake ƙara wa sauti armashi amma ba shi ne kiɗan ba. Haka zancen yake ga gangar tende, ga gangunan bikin Biyanu, ga kakakin fadar Sarkin Abzin. Marubucin ya yi ta nanata kalmar tsabta. Tsabtar gaskiya ce a ɗan yankin da abin yake iya aiki, kuma ta masu kamfani ce da suka kashe shekaru suna gyarawa. Wadda ake haɗawa a gida da taransifomar tsohon telebijin tana zuwa da huci da ƙara-ƙara, ƙarfinta kuma sau da yawa bai fi na wayar hannu ba, bayan ta sha wat gommai.

Sannan ga inda ake kiɗan. Bikin Agadas a fili ake yin sa, a bakin titi ko a farfajiyar unguwa, an shimfiɗa tabarmi, mata sun yi da'ira, yara suna kutsawa ta ƙarƙashin hannun manya, ƙura tana tashi daga ƙafafun masu rawa. Ƴan gidan Etran de L'Aïr, da suka fara tun 1995 daga unguwar Abalane, a irin waɗannan bukukuwa suka gina sunansu shekara da shekaru kafin a san su a Turai. Lokacin da Bombino ya yi wasansa na Janairun 2010 a gindin babban masallacin garin, mai hasumiyar ƙasa ta mita 27, sararin Allah ne rufinsa. Tartsatsi kuwa harshen wuta ne a cikin iska. Hurawar baki tana lanƙwasa shi, tana ɓata sautin, wani lokaci ta kashe shi. Wanda ya san iskar hunturu a Agadas, wadda take cika ido da baki da yashi tun daga Nuwamba har Fabrairu, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Ƙurar ma tana da nata ɓarnar: idan ta kwanta a kan allon da ke ɗauke da volt dubbai, ta haɗu da ɗan danshi ko maiƙo, sai ta buɗe wa wuta hanyar da ba a tsara mata ba. A watan Mayu da Yuni kuma, da zafin rana ke wuce digiri 40, tiranzistocin da ke kunna wutar suna kashewa sau dubbai a sakan, waɗanda ko a ƙasar sanyi ƙonewa suke yi, ba za su daɗe ba.

Mai karatu zai ce to a shigar da ita ɗaki. A nan tsugune ba ta ƙare ba. Tartsatsi a cikin iska yana haifar da ozon da wasu iskokin nitirojin masu cin huhu. Warin nan mai kaifi da ake ji kusa da injin walda ko tsohon injin kwafin takardu, shi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar ozon a kan maikirogiram 100 cikin kowace mita kubik ta iska, a matsakaicin awa takwas, kuma ɗan ƙaramin ɗaki mai taga ɗaya, irin ɗakunan ƙasa na tsohon gari da aka gina don su tare rana da ƙura, ba ya fitar da abin da ya taru a cikinsa da wuri. Nelson Pass, ɗaya daga cikin fitattun masu ƙera amfilifaya a Amurka, ya gwada wata lasifika mai aiki da iskar da aka caja a shekarun 1980, ozon ya kai shi gadon asibiti, ya ajiye aikin. Wannan mutum ne da ya san abin da yake yi. Heliyom ɗin Dakta Hill ma ɗaya daga cikin amfaninsa shi ne rage wannan guba. Ga garin da tari da ciwon ƙirji suke addabar yara da tsofaffi duk lokacin ƙura, ba ƙaramin abu ba ne a ce wa saurayi ya kunna injin ozon a ɗakin da ƙannensa suke kwana. Maƙalar ba ta ambaci ozon ko sau ɗaya ba.

Batun haɗarin wutar kuwa ta wuce shi da layi guda, inda ta ce maƙeran Agadas sun shekara ɗaruruwa suna narka azurfa ba wanda ya hana su, don haka kada a tsorata matasa. Maƙeran da ke zuba tanaghilt, alamar nan ta azurfa da duniya ta san garin da ita, sun cancanci duk wani yabo. Amma ɗan maƙeri yana shekaru a gefen mahaifinsa yana zuga zuga-zugi kafin a bar shi ya taɓa narkakken ƙarfe, kuma wutarsa ana ganinta, ana jin zafinta tun daga nesa, jiki da kansa yake ja da baya. Wutar da ke cikin tsohon telebijin ba ta da launi ba ta da zafi har sai ta kama mutum. Ƙaramar taransifomar nan da masu gyara ke kira THT tana ba kwalbar telebijin mai launi kusan volt 25,000, kuma kwalbar tana iya riƙe caji bayan an zare waya daga bango. Duk tsohon mai gyara ya san sai ya sauke cajin kafin ya sa hannu. Yaron da ya ga bidiyo a waya bai sani ba. Idan kuma ya fasa kwalbar don ya kai ga abin da yake nema, ga tarwatsewar gilashi, ga dalmar da ke cikin gilashin, wadda a manyan telebijin takan kai kilo guda ko fiye.

Gaskiya ne cewa wutar THT ita kaɗai sau da yawa ƙuna take yi da jefar da mutum, ba kullum take kisa ba, domin abin da take iya turawa kaɗan ne. Haɗarin da ya fi girma yana zuwa a mataki na gaba. Saurayi ya haɗa, ya ji sautin bai kai ba, sai ya nemi abin da ya fi ƙarfi, kuma abin da ya fi kusa da hannu shi ne taransifomar na'urar ɗumama abinci ta maikirowef. Ita volt 2,000 kawai take bayarwa, amma da yawan wutar da ya ninka abin da ke tsayar da zuciya sau da dama. Na'urar kariya da ake sa wa gidaje tana yanke wuta a miliamfa 30 domin daga nan rai yake shiga haɗari, ita kuwa wannan taransifoma tana iya tura ɗaruruwa, kuma na'urar kariyar ba ta ganin abin da ke faruwa a ɗaya ɓangaren nata. A Amurka, ƙungiyar masu sassaƙar katako ta ƙirga aƙalla mutum 33 da suka mutu tsakanin 2017 da 2022 wajen yin zane a kan katako da irin wannan wuta, yawancinsu manya ne, a ƙasar da motar asibiti ke isowa cikin mintoci. Mai ba da shawara a bainar jama'a alhakinsa bai tsaya a kan abin da ya rubuta ba, ya haɗa da inda ya san rubutun zai kai mai karanta shi.

Ko da an kawar da kai daga duk wannan, lissafin kasuwar bai fita ba. An daina ƙera telebijin mai kwalba, THT ɗin da suka rage a shaguna suna ƙarewa ne ba ƙaruwa ba, kuma ba a kafa sana'a a kan kayan da ba a sake yin su. Wutar garin da ke zuwa daga tashar gawayi ta SONICHAR a Anu Araren, kusa da Cirozerin, wadda ke aiki tun farkon shekarun 1980 kuma take ciyar da ma'adinan Arlit, kowa ya san yadda take zuwa tana ɗaukewa, har masu biki suka saba da janareta da batir. Na'urar da ke mayar da kusan duk abin da ta sha zuwa zafi ba ta dace da mai lissafin kowace lita ta mai ba. Tartsatsi kuma yana watsa hayaniya a zangon rediyo. Ai da irinsa Valdemar Poulsen na Denmark ya ƙera na'urar aika saƙon rediyo a 1903. Maƙwabcin da ke sauraron labarai a gajeren zango shi zai fara sanin an kunna. Wayar da aka jona don ta ba da kiɗan ma ba ta tsira ba, domin wuta tana iya komawa ta cikin igiyar ta ƙona ta.

Hujjar da ta fi ratsa zuciya a maƙalar ita ce ta Mdou Moctar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. Marubucin ya ce wannan ruhin yake so a farfaɗo da shi. Misalin yana da kyau, amma ba shi yake goya wa baya ba. Jitar nan ta yi aikin da aka yi ta dominsa, ta fitar da kiɗan da mutanensa suke so su ji, kuma mafi munin abin da za ta yi wa mai ita shi ne ta yanke masa yatsa. Haka ƴan Etran suka fara da jita ɗaya da ƙwaryar da aka kifa a ruwa. Da Mdou ya je Sakkwato a 2008 ya naɗi faifansa na farko, Anar, waƙoƙin sun bazu a Sahara ne ta katin waya da Bluetooth, har suka shiga tarin da kamfanin Sahel Sounds ya fitar a 2011. A kowane mataki, dabarar ta fito ne daga wata buƙata da ke gaban mutane, aka biya ta da abin da ke hannu. Babu mai biki a Agadas da ya taɓa kukan cewa siraran muryoyin sama ba su fita sosai. Kukansu amfilifaya ta ƙone ana tsakiyar rawa, lasifika ta yage, janareta ya tsaya, makirufo yana ihu.

Nan ne aikin yake, kuma yana da yawa. Lasifikar da naɗinta ya ƙone ana iya sake naɗa ta da siririyar wayar tagulla, a manna sabon faifai, ta koma aiki, maimakon a jefar. Ƙananan allunan amfilifaya na zamani, irin masu ɗauke da TPA3116, suna aiki da volt 12 zuwa 24, suna ba da wat gommai a kowane ɓangare, suna mayar da kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da suka sha zuwa aiki. Batir ɗin mota da faranti ɗaya na hasken rana sun isa su riƙe su, kuma rana ita ce abin da Agadas ba ta taɓa rasawa ba. Akwatin da aka auna girmansa daidai da lasifikar da ke ciki, aka toshe shi daga ƙura, aka yi masa mariƙin da zai jure bayan Hilux a hanyar Ingal ko Iferwan, ilimi ne na gaske da kafinta da mai gyaran rediyo za su haɗu a kai. Masallatai da makarantun allo da masu shela a kasuwa duk suna da lasifikar ƙaho da ke lalacewa. Tun da aka buɗe zinariyar Jado a 2014, na'urorin neman zinariya da rediyon hannu da injinan caji sun cika yankin, kowannensu yana neman mai gyara. Duk wannan a kan wutar da hannu zai taɓa ba abin da zai same shi.

Ba a ce a haramta lasifikar filasma ba. Tana da gurbi, kuma gurbi ne mai daraja. Babu abin da ya kai ta nuna wa ɗalibi a zahiri cewa sauti motsin iska ne, cewa zafi yana faɗaɗa iska, cewa bayan daskararre da ruwa da iska akwai hali na huɗu da Irving Langmuir ya raɗa wa suna filasma a 1928. Agadas tana da makarantar ma'adinai ta EMAÏR, tana da jami'a tun 2014, tana da makarantun koyon sana'a. A can, a ɗaki mai iska, cikin akwatin da hannu ba ya shiga, a kan batir, da malamin da ya san yadda ake sauke caji kuma ya san lokacin da zai kashe, minti biyar na tartsatsi mai waƙa zai iya sa yaro ya zaɓi karatun lantarki har ƙarshen rayuwarsa. Da marubucin ya roƙi shugabannin waɗannan makarantu su ƙera guda ɗaya don darasi, da babu mai ja da shi.

Abin da ya nema daban ne: sana'a, a gida, ba malami, da alkawarin ciniki. Tun da maƙalarsa ta riga ta shiga hannun yara, abin da ya rage masa shi ne ya sake ɗaukar alƙalami ya faɗa musu zancen ozon, ya faɗa musu kwalbar telebijin tana riƙe wuta bayan an kashe ta, ya ja musu kunne da babbar murya kada su kusanci taransifomar maikirowef. Masu gyaran telebijin na garin kuma, idan yaro ya zo neman THT, su tambaye shi me zai yi da ita da kuma wa zai tsaya a kansa, kafin su miƙa masa.